Muryar Malam a Gindin Randa

Auta ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi sallah da shi. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana, don na gaji da masu gyara.

Mijina Malam ya rasu bayan an gama sussukar shinkafa, ruwa ya fara janyewa daga fadama. Ciwon bai daɗe ba. Na shiga takaba, 'yan gaisuwa suka zo suka watse, gida ya yi mini faɗi. Fuskarsa tana nan a idona, tafiyarsa tana nan, har warin kifi da hayaƙin banda da ke bin rigarsa in ya dawo daga kogi. Amma muryarsa sai ta fara ɓace mini. Zan zauna in ce bari in tuna yadda yake sallama a ƙofar zaure, sai kalmomin su zo, sautin ya ƙi zuwa. Mutumin da muka tsufa tare. Kuka kam ban ɓoye shi ba, duk wanda ya shigo ya same ni ina yi. Dalilinsa ne ban gaya wa kowa ba. Tsohuwa mai jikoki ba ta buɗe baki a gaban dangin miji ta ce muryar miji take kewa.

Auta malamar makaranta ce a Jahun. Tun da ta sami waya mai hoto, duk zuwan da za ta yi gida sai ta bi ubanta tana ɗauka: yana ɗinkin koma, yana tura kwalekwale, yana zagaya gona. Ni in ta juyo da wayar wajena sai in ja mayafi in shige ɗaki. Da wayar ta cika, sai ta kwashe komai ta zuba a wani ɗan baƙin abu da bai kai tafin hannuna ba, da 'yar igiya a jikinsa, ta share na wayar don ta sami wuri. Sunansa na Turanci bakina ya kasa. Ta ce mini kamar rumbu ne na ajiya, ni kuwa na riƙe rumbu.

A cikin abin da ta ɗauka akwai guda ɗaya da na sani. Wata bazara Malam ya baza komarsa a gindin bishiyar maina yana ɗinke inda ta yage, sai akuyar maƙwabta ta shigo da gudu ta faɗa ciki ta nannaɗe. Ya kama dariya har da riƙe ciki, yana cewa yau kifinsa da ƙaho ya zo. Cikin dariyar ya manta Auta na tsaye, ya kira ni da sunan da ba ya kirana da shi sai muna mu biyu. Ba zan faɗe shi a nan ba. Da na fito na ga wayar a ɗage, shi ma ya gani, ya sunkuyar da kai yana kwance akuya. Daga ranar har ya koma ga Allah, babu wanda ya ta da maganar a cikinmu mu uku.

Da Auta za ta koma bakin aiki bayan addu'ar arba'in, na ce ta bar mini rumbun. Na naɗe shi a rigar Malam ta Juma'a na sa a ƙasan kwalla. Kakata daga bakin Tafkin Chadi aka kawo ta, mu kuwa a gidanmu abin da ake so turare ake yi masa. Duk jajibirin Juma'a sai in zuba garwashi a kasko, in ɗora turaren wuta, in riƙe rigar da abin da ke cikinta a kan hayaƙi, in mayar. Ina jiran hutun makaranta kamar yadda manomi yake jiran ruwan shuka.

Hutu ya zo cikin tsakiyar zafi. Auta ta iso da kwamfutarta a jaka, ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta soka igiyar rumbun a gefen kwamfutar. Wata 'yar fitila a jikinsa ta kama ƙiftawa. A fuskar kwamfutar wani ɗan zobe ya kama juyawa.

Na ce, “To?”

Ta ce, “Yana zuwa, Inna.”

Na tsince wake, yana zuwa. Na ɗora tukunya, yana zuwa. Aka kira azahar, zoben nan yana ta juyi kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ta cire ta mayar. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta soka a ɗaya ramin. Fitila ta ƙifta, zobe ya juya. Na ce mata ni tun da nake ban taɓa ganin rumbun da mai shi zai tsaya a bakinsa yana roƙo ba. Namu ka hau, ka ɗaga murfi, ka ɗebo damin geronka. In gara ta ci, ka gani da idonka.

Washegari ƙanin Malam ya iso daga Kaugama a kan babur. Yanzu gemunsa ya yi fari, amma lokacin da aka kawo ni gidansu ni nake yi masa wanka, don haka bakinmu bai taɓa daina taɓa juna ba, ko a cikin makoki. Shi ma rumbun ya kawo shi. Ambaliyar bara ta kwashe gambar da ke iyakar gonar Malam ta fadama, ta shafe kunya-kunya, ga maƙwabcin gona ya fara leƙowa da shanun huɗa. Ya tuna akwai ranar da Malam ya zagaya gonar da ƙafa yana nuna wa Auta iyaka daga wannan tsamiya zuwa wancan gurbi, tana ɗauka. Yana so a nuna wa dattawa kafin ruwa ya sauka.

Ya tsuguna ya kalli zoben yana juyawa, ya ce, “Matar yaya, wannan ai irin rediyona ne. Ba shi da magani sai duka.”

Kafin in ce wani abu ya fizge igiyar, ya kai rumbun kunnensa ya girgiza, ya ƙwanƙwasa shi a bakin turmi. Auta ta miƙe tsaye ta karɓe da hannu biyu.

“Baffa, don Allah. Akwai abin da ke juyawa a ciki.”

“Shi ya sa na ce a farkar da shi.”

Na ce, “Kai tun kana yaro abin da hannunka ya taɓa ba ya komawa daidai. Ka manta tulun surukata?”

“Tulun nan dama a tsage yake.”

Da ta mayar da igiyar, sai kwamfutar ta fito da wani rubutu. Auta ta karanta, fuskarta ta canza. Ta ce wai na'urar tana tambaya ko a wanke rumbun a mai da shi sabo.

Ƙanin Malam ya ce, “Ki ce mata eh mana, ai ita ta san aikinta.”

Auta ta ce in ta ce eh, babu gona, babu Baba, babu komai. Ta rufe kwamfutar ta ɗora hannu a kai kamar wadda ke tsare kwanon abinci daga kaji. Wata maƙwabciya da ta leƙo ta katanga ta ce a shanya shi a rana, wai sanyin kwalla ne ya kama shi. Na ce mata a wannan ranar ko ƙwai aka shanya sai ya dahu.

Sai Auta ta ce akwai wani mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, za ta kai masa. Na ce ba inda za a fita da shi. Ni ina takaba, ba zan iya bin sa ba, kuma na san halin shago: a ajiye kayanka cikin na mutane, a ce ka dawo jibi, jibi a ce gata. In gyara ne ya zo ya yi a gabana. Ta yi ta lallashi, na ƙi. Haka ƙanin Malam ya hau babur ya ɗauko mai gyaran.

Magidanci ne mai ƙiba, da tabarau da 'yar jaka. Ya zauna a zaure, ni na zauna a bayan asabari ta ƙofar ciki, inda nake ganin hannuwansa. Ya yi mini gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya ɗauki rumbun. Bai ko duba shi ba, hanci ya fara kai masa.

Ya ce, “Iya, wannan ai ya fi amarya ƙamshi.”

Ya haska bakin da igiya ke shiga da fitilar wayarsa, ya ciro wani ɗan buroshi da ruwa mai warin asibiti, ya yi ta gogewa. Abin da ya fito baƙi ne mai danƙo. Ƙanin Malam ya kalli asabari yana murmushi.

Mai gyara ya ce hayaƙin iyakarsa baki, bai shiga ciki ba. Ciwon gaske tsufa ne, da buguwa, da fizge igiya yana cikin aiki.

Na ce, “Ɗan nan, sake faɗa da ƙarfi, akwai mai ciwon kunne a kusa da kai.”

Mai gyara ya canza igiyar da wata gajera daga jakarsa. Ya soka, ya kwantar da kunnensa kusa da rumbun, ya ɗaga hannu a yi shiru. Ni ma daga inda nake na ji. Wani ɗan sauti ne, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar faifan da babu komai. Aka daɗe. Can sai Auta ta ja numfashi ta ce ya buɗe.

Na ɗauka an gama ke nan. Ashe yanzu aka fara. Kowane abu a ciki sai an jira shi kafin ya nuna fuskarsa. Wanda ya san yadda ruwa ke tafiya a mashigin da ciyawar kacala ta toshe, ya cika amma ba ya gaba, to haka. Mai gyara ya cire tabarau ya goge, ya ce ba zai ɓoye mana ba. Rumbun nan kwalekwale ne da ya huje a tsakiyar kogi. Ba maganar gyara ake yi ba, maganar abin da za a fara tsamowa ake yi, kuma bai san ko kaya nawa za a tsamo kafin ya nutse ba. Kada a buɗe komai don kallo, kada a ce za a kwashe duka lokaci guda. Ɗaya bayan ɗaya, mafi muhimmanci a gaba.

“Wanne za a fara?”

Maganar tana bakina. Na ji ta a kan harshena kamar ɗacin goro. Amma ga ƙanin miji, ga baƙon namiji, ga 'yar da na haifa.

Ƙanin Malam ya ce, “Gona.”

Gaskiyarsa ce kuwa, daga gonar nan jikokina suke ci. Shi ne ma abin da ya fi ba ni haushi, babu wanda zan ce ya yi mini laifi.

Hoton gonar dogo ne, don Malam in ya fara nuna iyaka sai ya ba da tarihin kowace bishiya. Wani ɗan koren layi ya fito a fuskar kwamfutar, wai in ya kai ƙarshe an tsamo. Na zuba masa ido ta tsakanin asabari. Hawainiya ta fi shi sauri. Ya ɗan matsa, ya tsaya, ya ɗan matsa. Bai kai rabi ba ya tsaya cak. Mai gyara ya taɓa rumbun da bayan hannu ya janye. Ya ce ya yi zafi, in ya yi zafi kuwa ba ya motsi. An ɗauke wuta tun safe, babu fanka, zauren kamar tanda. Ya tambaya ina ne ya fi sanyi a gidan.

Babu inda ya fi gindin randa. Tana cikin rumfa a ƙofar ɗakina, a kan yashi mai laima. Gidan da baƙon namiji bai taɓa wuce zaurensa ba sai ranar wankan gawar Malam, ranar nan sai ga mai gyara tsugune a tsakar gida. Ya sa rumbun a leda don kada laima ta taɓa shi, ya ɗora a kan faifai, ya jingina da cikin randa. Na ja mayafi na zauna a bakin ƙofa da mafici. Ni da na yi wa Malam fifita a ciwonsa na ƙarshe, ga ni ina yi wa ɗan baƙin abu fifita, ina roƙon Allah ya ba shi numfashi.

Haka muka yini. Ya yi aiki kaɗan, a hutar da shi. Ya huce, a ci gaba. Hannuna ya gaji, na sauya, Auta ta ce in ba ta, na hana. Ƙanin Malam ya ci ɗanwake ya sha ruwan randar, na ce masa kada ya taɓa ta, motsi yake sawa. Ya ce yanzu a gidan yayansa har ruwan sha sai da iznin na'ura. Na ce eh.

Bayan la'asar koren layin ya kai ƙarshe. Ƙanin Malam ya yi hamdala ya shafa fuska. Amma sautin nan na ƙas, ƙas ya ƙaru, har ba sai an kai kunne ba. Mai gyara ya ce cajin kwamfutar ma ya kusa ƙarewa. Wataƙila a sami guda ɗaya kuma, in gajere ne.

Ƙanin Malam ya ce a ɗauko nasihar da Malam ya yi ranar sunan jikansa, wadda ta sa mutane kuka. Mai gyara ya kai hannu. Auta ba ta kalle su ba, ni take kallo.

“Inna, ke fa?”

Na dubi yashin gindin randa na ce, “Akuyar nan.”

Ƙanin Malam ya juyo gaba ɗaya. “Wace akuya?”

“Ta maƙwabta. Wadda ta faɗa koma.”

“Matar yaya, ga mijinki a ciki, ga 'ya'yanki, ga jikoki, ke akuyar mutane kike nema? Ko ita ma tana cikin gado?”

Na ce, “Ka sami gonarka. Ka bar ni da akuyata.”

Auta ta ja kwamfutar gabanta ta shiga nema. Neman ma azaba ne, don sai ta tuna wace bazara ce, kuma duk inda ta taɓa sai zoben nan ya yi juyinsa. Na yi ta fifita har kafaɗata tana ƙara. Ta ce ga shi. Koren layi ya fito. Ya tafi, ya tafi, ya wuce rabi, ya kusa baki. Sai rumbun ya yi ƙas, ya sake yin ƙas, ya yi shiru. 'Yar fitilar ta mutu.

Mai gyara ya cire ya mayar. Ya sauya rami, ya sauya igiya, ya kai kunne. Ya ce, “Iya, sai haƙuri. Ya tafi.” Ban daina fifitar ba, ban san ma ina yi ba. Ya ce dabarar da ya yi amfani da ita tana ajiye abin da ya riga ya tsallako ko bai cika ba, bari a gani ko zai buɗe.

Ya danna. Hoton ya fito a farfashe, ba a ganin komai sai gindin akuya da wani yanki na koma. Amma sai dariya ta cika rumfar. Dariyar Malam, mai shaƙewa a ƙarshe kamar zai yi tari. Mafici ya faɗi daga hannuna.

Ƙanin Malam ya kalle ni. Ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar Auta ta tsayar da abin, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

“Malam mai gyara, zo ka duba mini babur ɗina, yana wani ƙara.”

“Ai ni ba na gyaran babur, Alhaji.”

“Zo dai ka ji ƙarar.”

Suka fita. Auta ta mayar da shi farko, ta ajiye kwamfutar a gabana, ta ce za ta je ta duba tukunya, alhali babu komai a kan wuta.

Na ji shi. Ya yi dariya, ya ce yau kifinsa da ƙaho ya zo, akuya tana kuka. Sannan ya kira ni. Muryar ta fi yadda nake zato kauri, ashe a 'yan watannin nan na sirantar da ita a raina. Ya kira sau ɗaya, ya sake kira. Sai na ji wata mata daga can cikin madafa ta amsa da faɗa: “Me kuma? Hannuna cikin ƙullu yake.” A nan ya yanke.

Duk maganar da na yi wa mutumin nan a duniya, wannan ce na'urar ta ga dama ta ajiye. Na yi kuka, na yi tsaki, na sake yin kuka. Nasihar ranar suna ta tafi, kwalekwalen ya tafi, hotunan sallah da na jikoki a cinyarsa duk sun nutse tare da rumbun. Dattawa sun kalli hoton gona sun tsayar da iyaka. Ni abin da na tsira da shi gindin akuya ne, da dariya, da sunana sau biyu.

Yanzu Auta ta zuba shi a wurare daban-daban, ta ce ba za ta ƙara tara ƙwanta a kwando ɗaya ba. Na ce da tun farko. Ta sa mini shi a 'yar ƙaramar waya, ta ɗiga jan farce a kan maɓallin da zan danna. Shi ma wani lokaci sai na danna ya tsaya yana tunani, in ce masa kai ma ka fara ko?

Mai gyara ya ce in jefar da rumbun, ba shi da sauran amfani. Na karɓi abina na mayar cikin rigar Juma'a. Jiya jajibiri ne, na zuba garwashi na yi musu turare su biyun. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, na ce me kuma ya rage da zai lalace?